Wanda Ya Biya Kuɗin Tabilet Shi Ke Da Ikon Zaɓen Layi: Martani Daga Tsibiri

Malam, na karanta makalarka a kan tabilet mai cin layi, wadda a cikinta ka shawarci malaman makaranta, ɗalibai da 'yan kasuwar Maraɗi su nemi wadda kamfani ya ɗaure da layinsa, in kuwa buɗaɗɗiya suka samu, su sa mata layi guda su kau da kai daga sauran. Ka ce sauya layi yana lalata na'ura yana cinye batir. Ka ce buɗaɗɗiyar tabilet galibi kayan sata ce da aka yi wa dekode, kuma mai riƙe da kamfani ɗaya ya fi samun garaɓasa. Sannan ka rufe da maganar da ta fi kowace nauyi, cewa yawan layuka a na'ura guda ƙofa ce ga ɓarayin daji. Na san niyyarka mai kyau ce, so kake ka kare mutumin da ya yi wata da watanni yana zubin adashi kafin ya mallaki abin nan. Ni ma shi nake son karewa. Sai dai shawarar da ka ba shi za ta sa ya biya kuɗi cikakku ya karɓi rabin kaya, kuma a ƙasar da muke zaune, tsakanin Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa, rabin da zai rasa shi ne wanda ya fi bukata.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin mene ne wannan ɗauri da kake yabo. Kowane layi yana ɗauke da lamba a cikinsa mai faɗin ƙasarsa da kamfaninsa. Ta Nijar 614 ce, ta Najeriya 621, sai wasu lambobi biyu su biyo baya su nuna kamfanin. Tabilet ɗaurarriya an rubuta mata umarni ne cewa in ta ga lambar da ba ta kamfanin da ya sayar da ita ba, ta ƙi aiki. Iyakar abin ke nan. Umarnin bai ƙara mata ƙarfin jan rezo, bai tsawaita ran batir, bai hana ɓarawo ɗauka. Kamfanonin Turai da Amurka sun yi ta yin haka ne don suna ba mutum na'ura a kan rahusa ko bashi, yana biya kaɗan-kaɗan har shekara biyu, sai su ɗaure ta kada ya gudu kafin su mai da kuɗinsu. Wannan dalili ne da hankali zai ɗauka. To amma wanda ya ƙirga kuɗinsa lakadan ya miƙa wa mai shago a babbar kasuwar Maraɗi, bashin wa ake binsa?

Can ma inda al'adar ta fito an soma watsar da ita. A watan Agusta na 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Ba'amurke ya kwance wayarsa ya koma kamfanin da yake so. Kanada ta hana sayar da ɗaurarrun na'urori tun Disambar 2017, hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta hana sayar da ɗaurarrun wayoyi daga Disambar 2021. Hujjarsu duka ɗaya ce: ɗaurin yana hana mutane barin kamfanin da bai gamsar da su ba.

Mu dawo gida. Kamfani huɗu ke raba mana rezo a Nijar, kuma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunan da muka fara saninsa da shi. Wanda muka sani da Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov, yau kuma Moov Africa ne a hannun Maroc Telecom. Sonitel da SahelCom an haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. Orange ya shigo a 2008, a ƙarshen 2018 hukumar haraji ta garƙame ofisoshinsa a kan rikicin kuɗin haraji, a Nuwambar 2019 Faransawan suka sayar da shi suka tafi, shi ne Zamani na yanzu. Masu kamfani suna sauyawa, farashi yana sauyawa, ingancin aiki yana hawa yana sauka. Tabilet mai kyau kuwa takan yi shekara huɗu ko biyar a hannun mai kula. Da ka ce mutum ya ɗaure kansa da kamfani ɗaya, ka sa shi ya yi alkawari ne da wanda bai san ko shi zai tarar baɗi ba. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin, wadda a da ake kira ARTP, yanzu ARCEP, ta ci su tara su huɗu duka a 2017, sama da biliyan 3 na sefa, saboda gazawa wajen kai rezo da ingancinsa. In mai sa ido ya auna ya ga duk huɗun sun gaza a wani wuri, wanne daga ciki za ka ce a miƙa wa ragama gaba ɗaya?

Wanda aikinsa bai wuce unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba, inda ƙarafan rezo ke kusa da juna, yana iya rayuwa da layi guda bai ji komai ba. Shawararka ta dace da shi. Amma Tsibiri, da ba ta wuce kilomita 12 daga Maraɗi ba, da ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan da ke bayanta wajen Gidan Rumji, labari ya sha bamban. Layin da ya cika sanda huɗu a ƙofar fadar Sarkin Gobir yana iya komawa sanda ɗaya a gangaren gulbi, wani kuma da ke rarrafe a cikin gari ya buɗe tar a kan jigawa. Ba sihiri ba ne. Kowane kamfani inda ya kafa ƙarfensa daban ne, kwari yana ɓoye sigina, itatuwan fadama suna rage ta, kuma ƙarfe guda yana da iyakar mutanen da zai ɗauka. Shi ya sa ranar Litinin da Juma'a, da kasuwar Maraɗi ta cika, za ka ga sanda a cike amma hoto guda ya ƙi tafiya.

Na taɓa zama kusa da wata yarinya mai aikin ƙidaya a wani ƙauye yamma da Tsibiri, a shekarun da 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka yi ta kwararowa yankin Gidan Rumji, wato daga 2019. Wuni guda tana shiga gida-gida tana cike tambayoyi a tabilet, domin manhajar ba ta bukatar intanet a lokacin cikewa. Da la'asar sai aikin turawa, kuma sai an ga fom a ofis ake lissafa mata ranar. Ta zare tabilet daga rigarta ta roba, a bayan rigar akwai 'yar takarda a naɗe, cikinta layi biyu da wata siririyar allura. Ta gwada na cikin na'urar, abin yana ta juyawa bai tafi ba. Ta kashe, ta soka allurar, ta shimfiɗa gefen mayafinta a cinya don kada ƙaramin layin ya faɗa cikin rairayi, ta sa na biyu, ta kunna. Kafin mai shayi ya gama zuba mata, fom ɗin sun wuce. Ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, haka take yi kullum. Da ɗaurarriya aka ba ta, da sai ta hau kabu-kabu ta nemi gari da magariba, mace ita kaɗai, a yankin da kowa ya san halin da hanya ke ciki. Wannan yarinya nake tunawa duk lokacin da na karanta inda ka kira sauya layi “kwaɗayi”.

Haka abin yake a Jiratawa, inda masu noman rani ke fitar da zogale da kayan lambu daga filin ban ruwa. Mai kaya yana son ya tura wa dillali hoton buhunansa, ya ji farashi, ya ga saƙon kuɗi na Nita ko Amana ya shigo kafin mota ta tashi. Ganye ba ya jiran rezo ya dawo.

Akwai kuma maganar wuta, wadda ko sau ɗaya ba ka ambata ba. Wutar Maraɗi daga Katsina take zuwa ta layin Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta cikin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar, ba a janye takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Ƙarfen rezo da wuta yake aiki, in ta ɗauke ya koma kan batir, janareto ko hasken rana, kuma kowane kamfani da nasa tanadin. Wani ƙarfen ya mutu da tsakar dare, wani ya kai safe. Gaskiya ne akwai wuraren da kamfani biyu ke rataye a ƙarfe guda, in ya faɗi su faɗi tare. Amma a inda ba haka ba, mai layi biyu yana da inda zai juya.

Sai iyaka, wadda a ganina ita kaɗai ta isa ta rushe shawarar taka. Maraɗi Katsina ce, har yau sarautar Sarkin Katsina ake yi a cikinta, tun zamanin da Ɗan Kasawa ya zauna a can. Tsibiri kuwa Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma da wuya ka sami gida a nan da ba shi da dangi a Sabon Birni. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar kilomita 90 ce ko kusa da haka. Ɗan kasuwa yakan yi sallar asuba a unguwar Bagalam ya yi azahar a Kano. Ɗalibai suna ƙetarawa karatu, marasa lafiya suna ƙetarawa neman magani, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Duk mai irin wannan zirga-zirga ya san da ya wuce Ɗan Isa layin gida ya zama baƙo, kuɗin data ya koma na baƙo. Mafita ita ce layin MTN, Glo, Airtel ko wani na can, wanda aka yi wa rajista bisa ƙa'idarsu. Za ka ce ai akwai kamfanin da sunansa ɗaya a ɓangarorin biyu. Haka ne, kuma tun 2007, zamanin Celtel, aka shigar da Nijar da Najeriya cikin tsarin sauƙaƙa kira tsakanin ƙasashensa. Amma a wurin tabilet ɗaurarriya suna ba ya aiki, lamba take dubawa, kuma 614 ba 621 ba ce. Yarjejeniyar cire kuɗin yawo, wato kuɗin baƙo, da aka sa wa hannu a Yamai a Nuwambar 2024 ta shafi Nijar, Mali da Burkina Faso ne. Alheri ce ga mai zuwa Wagadugu ko Bamako. Mu kuwa ƙafarmu kudu ta fi nufa.

Abin lura ɗaya ga mazauna bakin iyaka, wajen Ɗan Isa da kudancin Madarumfa: na'ura takan kama rezon ƙetare da kanta alhali mutum yana zaune a gidansa. Maganin wannan shi ne a kashe data ta yawo a cikin saiti, a zaɓi kamfani da hannu.

Batun batir, Malam, ka juya shi ne baibai. Abin da ke cinye batir shi ne raunin sigina. In ƙarfe ya yi nisa, na'ura tana ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi don a ji ta, tana ta lalube tsakanin 4G, 3G da 2G, bayanta ya yi zafi. Wanda ya nace wa layin da ke sanda ɗaya alhali akwai mai sanda huɗu a aljihunsa, shi ne ke kashe batirinsa. Layi ɗan guntun kati ne mai ɗauke da shaida, ba ya zuba wa na'ura wani abu da zai lalata ta. Inda nake tare da kai shi ne ramin layin. Ƙaramin abu ne mai laushi, kuma na ga waɗanda suka karye. Masu yanke babban layi da almakashi don ya shiga ƙaramin rami, da masu tura shi da ƙarfi a karkace, da masu buɗewa a tsakiyar ƙurar hunturu, su ke lanƙwasa 'yan ƙarafan ciki. Wannan gyaran hannu yake bukata. Wanda ya san zai riƙa sauyawa kullum ya nemi tabilet mai ramin layi biyu, akwai su da yawa cikin masu Android, ko ya bar layi na biyu a wayarsa ya riƙa raba wa tabilet intanet daga can.

Ka kuma tsorata mutane cewa za su rasa WhatsApp ɗinsu. Ba haka ba ne. WhatsApp yana nan a kan lambar da aka buɗe shi da ita ko da an cire layin, kowace data ya samu zai hau. Ana bukatar tsohuwar lambar ne in za a sake girka shi. Don haka mutum ya ajiye babbar lambarsa a ƙaramar salula, ya riƙa amfani da ita don kada kamfani ya ga ta daɗe a kwance ya ba wani.

Yanzu ga wurin da makalarka ta fi yin ɓarna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ka haɗa abu uku ka kira su da suna ɗaya. Ɗaurin kamfani, wanda na bayyana a sama, daban. Makullin mai na'ura daban: shi ne iCloud a kayan Apple tun 2013, da makamancinsa na Google a Android tun 2015, wanda in an goge na'ura ba za ta buɗe ba sai an sa asusun mai ita na farko. Sai na uku, makullin bashi, irin wanda kamfanoni kamar M-KOPA ke sa wa na'urar da ake biya kaɗan-kaɗan, in ba a biya ba ta rufe. Na biyu da na uku su ne alamar kaya mai matsala. Tabilet da aka kawo maka tana neman asusun wani Bature, ko wadda aka ce an “tsallake” mata makulli, wannan ka guje ta ko da kyauta ce, don ko ba ta sata ba ce wata rana za ta rufe a hannunka. Amma tabilet sabuwa a kwali daga Dubai ko Sin, ko ta Samsung, Tecno da itel da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano da shagunan Maraɗi, a buɗe take fitowa daga masana'anta. Babu wanda ya yi mata dekode, don ba a taɓa ɗaure ta ba. Da ka ce buɗaɗɗiya ita ce ta sata, ka shafa wa mafi yawan kayan halal da ke kasuwa baƙin fenti. Abin da ya fi wannan muni, ka tura mai saye wajen ɗaurarriya, alhali ɗaurarriyar da ake samu a nan galibi ta hannu ce da ta fito daga Amurka ko Turai, ɗaure da kamfanin da ba shi da ko ƙarfe ɗaya a Nijar. Mutum zai kai ta gida ya sa layinsa ta ƙi, sai ya dawo kasuwa neman mai dekode, wato abin da ka ce ya guda.

Akwai wani mai gyara da nake zuwa wurinsa a Maraɗi, teburinsa bai fi faɗin tabarmar sallah ba, da fitila mai wuya da gilashin ƙara girma. A cikin wani tsohon gwangwanin alewa yake ajiye layukan kamfanonin nan huɗu da ɗaya na Najeriya. In aka kawo masa tabilet ta hannu a duba kafin a biya, ba ya kallon kyan gilashi. Yakan fara shiga saiti ya karanta lambar IMEI, mai lamba 15, ya gwada ta da wadda ke jikin na'urar ko kwalinta. Sai ya sa mai sayarwa ya cire asusunsa ya goge komai a gabansa, a sake kunnawa daga farko. In mai sayarwa ya fara kame-kame a nan, ciniki ya ƙare. In an wuce, sai ya riƙa sa layukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya jira ya ga harafin da zai fito a saman allo, 4G ko H ko E, ya buɗe bidiyo ya ga ko zai tafi. In sanda ta fito amma intanet bai zo ba, yakan shiga wurin APN ya rubuta na kamfanin da hannu, domin na'urar ƙetare ba kullum take gane saitin gida da kanta ba. Na ji yana gaya wa wani dattijo da ya zo da ɗansa: “Baba, kada ka ba da kuɗi sai ka ga ta ci layi biyu da idonka.” Duk aikin bai wuce rabin awa ba, ladansa kuma bai kai kuɗin gyaran gilashi ba.

Dalilin da ya sa yake jiran ya ga harafin nan shi ne haɗarin gaske da ke cikin wannan harka, wanda ban ga ka taɓo ba. Buɗaɗɗiya ba lallai ta dace da kowane rezo ba. Kowane kamfani yana watsa siginarsa a kan wani zango, kuma na'ura sai an gina ta da kunnen jin wannan zangon. A ɓangaren duniya da ya haɗa Afirka da Turai, 2G tana kan 900 da 1800, 3G galibi a kan 2100, 4G kuma ta fi yawa a zango na 3, wato 1800, da na 20, wato 800, da na 7, wato 2600. Amurka nata daban ne, irin su 2, 4, 12, 13 da 71. Tsohuwar tabilet mai araha da aka ƙera don wani kamfanin Amurka tana iya zama a buɗe sarai amma ba ta jin zango na 3 ko na 20. Ga rezo a sama, ita kuwa ta maƙale a 3G ko E: rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Zangon ƙasa-ƙasa irin 800 da 900 shi ya fi tafiya nesa ya ratsa bangon laka, don haka ɗan ƙauye ya fi ɗan birni bukatar na'urar da ke jinsa. Da wannan ka gargaɗi mutane a kai, da ban ɗauki alƙalami ba.

Wani abin kuma da ya shafi masu son iPad: ko da tana cin layi, ba ta kiran waya irin na salula, ba a danna mata lambobin tauraro da ake sayen forfe ko duba kuɗi da su. Sai an cire layin an sa a waya an saya, ko a saya ta manhajar kamfani, ko wani ya turo. Tabilet ɗin Android da yawa suna yin duka. A ƙasar da kusan komai da tauraro ake yinsa, har tura kuɗi, ya kamata mai saye ya san wannan kafin ya zaɓa.

Maganar garaɓasa ba ta bukatar dogon bayani. Kamfani yana yin rahusa ne don ya jawo wanda zai iya tafiya ko ya hana shi tafiya. Wanda ba shi da hanyar fita, me zai sa a lallashe shi? Kuma babu abin da ya hana mai buɗaɗɗiya zama da kamfani ɗaya shekara goma in yana jin daɗinsa, ya kwashi duk garaɓasar da mai ɗaurarriya ke samu.

Batun tsaro ba zan yi wasa da shi ba, domin mu a nan ba a rediyo muke jinsa ba. An sace mutane a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, an kore shanu, an kira dangi a waya an nemi fansa. Duk wanda ya kawo shawara don rage wannan bala'i ya cancanci a saurare shi. Amma a duba yadda abin ke aiki. Rajista a kan layi ake yinta, da katin shaida. A 2013 Nijar ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda ba a yi musu rajista ba, Najeriya kuma tun Disambar 2020 ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ita kuwa na'ura, duk layin da aka sa mata, tana miƙa wa ƙarfen rezo lambarta ta IMEI. Mai sauya layi a tabilet guda bai ɓuya ba, ya ma ɗinke layukansa wuri ɗaya ne ga mai bincike. Ɗan ta'adda kuma ba tabilet yake saɓawa a daji ba, ƙaramar salula yake riƙewa mai layi biyu ko uku, wadda ake samu a kowace kasuwar ƙauye. In akwai ɓaraka, tana wajen masu sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, can ya kamata hukuma ta matsa. Ɗaure tabilet ɗin malamin makaranta ba zai rage wa ɓarawo ko kira ɗaya ba.

Ba na cewa buɗaɗɗiyar na'ura maganin komai ce. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula a Nijar kwana 10, ko layi nawa ke aljihunka shiru ne. A Satumbar 2021 Najeriya ta kashe rezo a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, da na Sakkwato. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu. A irin waɗannan ranaku kowa ɗaya ne. Amma irinsu ƙalilan ne. Sauran ranakun shekara matsalar ƙarama ce kuma ta kullum: ƙarfe guda ya mutu, forfe ya yi tsada, an ƙetara iyaka, an gangara fadama. Waɗannan duka layi na biyu yana magance su.

Abin da ya fi damuna shi ne masu saye da yawa, ƙungiyoyi da makarantu da ofisoshin da ke raba wa ma'aikatan lafiya, malaman gona ko ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na'urori. In mai sa hannu a irin wannan ciniki ya karanta makalarka ya gamsu, kuskuren zai ninku sau ɗari, kuma waɗanda za su ɗanɗana su ne na ƙauyen da ya fi nisa. Roƙona gare su shi ne su rubuta a takardar ciniki cewa na'urar a buɗe take, a jera zangunan da take ji, kuma a gwada samfuri a wurin da za a yi aikin, ba a ofis ba. In sun ƙulla yarjejeniyar data da kamfani ɗaya don rahusa, madalla, amma yarjejeniyar ta tsaya a kan layi. ARCEP ma tana iya wajabta wa masu shigo da kaya su rubuta wa mai saye waɗannan bayanai a rasit.

Akwai kuma sabon abu da ya riga ya iso, ya kamata masu 'yan'uwa a ƙetare su sani. Tun Satumbar 2022 sababbin samfuran iPhone da ake sayarwa a Amurka ba su da ramin layi, kuma iPad Pro da iPad Air da suka fito a Mayun 2024 su ma haka suke. Da eSIM kaɗai suke aiki, wato layin da kamfani ke girkawa a cikin na'ura ba tare da kati ba. Irin wannan tabilet a buɗe take, kuma tana iya ajiye layuka da yawa, amma sai kamfanin da kake so yana ba da eSIM, kuma sau da yawa sai ka je ofishinsa da katin shaida, mai tebur a bakin tasha ba zai iya yi maka ba. Wanda ɗansa ko ƙanensa zai aiko masa da tabilet daga Amurka, Faransa ko Saudiyya, ya fara zuwa ofishin kamfanin layinsa a Maraɗi ya tambaya. Sannan ya ce wa mai aikowa, kafin ya biya, ya turo lambar samfurin da hoton gefen na'urar inda ramin layi yake, a kai wa mai gyara ya duba.